Me ake nufi da "kujerar na-ƙi"?

A majalisarmu ta Tudun Wada, gefen teburin mai shayi, ba a kashe rediyo sai an tashi. Daren 20 ga Nuwamba 2024 aka ba da labarin cewa ƙasashe 14 sun amince a tsagaita wuta a Gaza, amma Amurka ta hau kujerar na-ƙi, ƙudurin ya faɗi. Wani yaronmu ɗalibi ya ajiye kofinsa ya dubi dattijon da ke cikinmu, tsohon soja, ya ce, "Baba, a ina aka taɓa zaɓen da mutum ɗaya ya kayar da 14?" Dattijon ya ce, "Ɗana, ai ba ƙidayar kai ake yi a wurin ba."

A maganarmu ta yau da kullum, hawa kujerar na-ƙi kafewa ce. An ba uba haƙuri kan auren 'yarsa, an turo manya, ya ce allambaran. Amma idan ka ji kalmar a labaran duniya, maganar ta wuce taurin kai. Iko ne da doka ta ba ƙasashe biyar a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Turawa suna kiransa veto, kalmar da suka aro daga Latin mai ma'anar "na hana".

Kwamitin yana da kujeru 15. Biyar na dindindin ne, sauran 10 zaɓensu ake yi na shekara biyu. Sashe na 27 na kundin Majalisar ya ce kafin ƙuduri ya wuce sai ya samu ƙuri'a 9, kuma sai da amincewar ƙasashen nan biyar. Ɗaya daga cikinsu ta ce a'a, zance ya ƙare. Wannan bai shafi ƙananan batutuwa na tsarin zama ba, kamar abin da za a tattauna a ranar. Amma takunkumi, da tura sojojin kiyaye zaman lafiya, da karɓar sabuwar ƙasa, da zaɓen Babban Sakatare, duk suna ƙarƙashinsa. Da shi Amurka ta hana Boutros-Ghali ɗan ƙasar Masar zarcewa a 1996, da shi kuma ta tare Falasɗinu daga zama cikakkiyar mamba a watan Afrilun 2024.

Asalin abin tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu ne. Waɗanda suka ci yaƙin sun shirya shi a Yalta a farkon 1945, da aka je San Faransisko rattaba hannu a kundin Majalisar kuma ƙananan ƙasashe suka yi ƙorafi, sai aka nuna musu cewa in babu wannan iko to babu Majalisar. Hujjarsu ita ce ƙungiyar da aka kafa bayan yaƙin farko ta ruguje don manya ba su ɗauke ta da daraja ba, Amurka ma ba ta taɓa shigarta ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, ba na musu. Sai dai a ranar ƙasashen Afirka huɗu kacal ke wurin: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Mu a lokacin daga nan Kaduna Turawa ke mulkin Arewa. An yi rabon ba mu nan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambancin hawa kujerar na-ƙi da ƙaurace wa ƙuri'a. Ƙasa tana iya ƙin goyon baya amma ta kame bakinta, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma an daɗe da sabawa cewa wannan ba ya kashe ƙuduri. Haka aka yi a watan Maris 2024, Amurka ta ƙaurace, ƙudurin tsagaita wuta na watan Ramadan ya wuce. Haka kuma aka yi a Maris 2011 kan Libiya. Rasha da Sin suna da ikon hanawa, suka yi shiru, ƙuduri mai lamba 1973 ya ba da damar amfani da ƙarfi don kare fararen hula, kuma Najeriya, wadda ke cikin Kwamitin a lokacin, tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Abin da ya biyo baya mun gan shi da idonmu: gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makamai suka fantsama cikin Sahel. Tun daga nan Rasha take kafa hujja da Libiya duk lokacin da za ta tare wani ƙuduri kan Siriya. Na tsaya a kan wannan ne don kada a ɗauka duk ƙudurin da ya wuce alheri ne. Wani lokaci shirun mai iko ma yana da nasa tsadar.

Kada kuma ɓacin ranmu kan Gaza ya sa mu ga laifin ƙasa ɗaya kawai. Tarayyar Sobiyet ce ta fara hawa kujerar a watan Fabrairun 1946, kuma ita da magajiyarta Rasha suka fi kowa yawan amfani da ita. A Fabrairun 2022 Rasha ta kashe ƙudurin da ke Allah wadai da mamayarta a Yukiren, ita ce wadda ake tuhuma, ita ce kuma ke shugabantar zaman a watan. A Nuwamban 2024 ta tare ƙudurin da Birtaniya da Saliyo suka kawo kan kare fararen hula a Sudan, nan ma 14 da ɗaya. A 1974 kuwa Amurka da Birtaniya da Faransa ne suka haɗu suka hana a kori gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu daga Majalisar. Kowa ɗan ɗakinsa yake karewa. Birtaniya da Faransa dai rabonsu da yin haka tun 1989.

An ɗan taɓa wani abu a Afrilun 2022. Ƙaramar ƙasar Liechtenstein ta jagoranci wani ƙuduri da ya ce duk lokacin da aka hau kujerar, Babban Zauren Majalisar mai ƙasashe 193 zai zauna cikin kwanakin aiki 10 a tattauna, a ba wadda ta hau dama ta yi bayani. Kunya ce kawai ake jawo mata, don ƙudurin Babban Zaure ba ya tilasta kowa.

Abin da ya fi ci mini rai yana kusa da gida. Ka bi hanyar Zariya ka isa Jaji, nan ake horar da sojojinmu da ake turawa aikin kiyaye zaman lafiya, aikin da Najeriya ta fara tun a Kongo a 1960. 'Ya'yanmu ne ke zuwa, wasu ba sa dawowa, amma inda ake yanke shawarar tura su baƙi ne mu. Sau biyar Najeriya ta zauna a Kwamitin, kowane zuwa shekara biyu sai ta tashi. Afirka mai ƙasashe 54 ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya. Shi ya sa a 2005 Tarayyar Afirka ta tsayar da matsayar Ezulwini: kujeru biyu na dindindin masu cikakken iko, da biyar na karɓa-karɓa. Matsayar ba ta yabi ikon na-ƙi ba, cewa ta yi muddin yana nan to a ba kowa. A Satumban 2024 Amurka ta ce ta yarda a ba Afirka kujerun biyu, amma ban da ikon hanawa. A ganina wannan rawani ne babu ƙasa, kuma bai kamata a karɓa ba.

Yaron nan ya sake tambaya, "To Baba, me ya hana sauran ƙasashen su taru su soke shi?" Amsar tana sashe na 108. Gyaran kundin sai kashi biyu cikin uku na ƙasashe sun amince, kuma dole dukan biyar ɗin su kasance a ciki. Sau ɗaya aka taɓa faɗaɗa Kwamitin, a 1965, daga kujeru 11 zuwa 15, kuma duka huɗun da aka ƙara na shekara biyu ne.