Shin Kwal Zai Iya Zama Mai Tsabta? Tambayoyi da Amsoshi Kan Makamashi da Ɗumamar Yanayi

Duk lokacin da aka zauna taron sauyin yanayi, muhawara takan tsaya cak a kan kwal. Wasu na cewa a rufe tashoshinsa a koma ga rana da iska da ruwa, wasu kuma na cewa kimiyya ta kai matakin da za a iya ƙona shi ba tare da an cutar da duniya ba. Ga wasu tambayoyin da ake yawan yi game da wannan batu, tare da amsoshinsu.

Me ya sa kwal ake fara nuna wa yatsa idan ana maganar ɗumamar yanayi?

Saboda yawan da ake ƙonawa, da kuma irin halittarsa. Har yanzu kimanin kashi ɗaya bisa uku na wutar lantarkin da duniya ke sha daga kwal ake samar da ita. Shi kuwa kwal mafi yawan jikinsa sinadarin kabon ne, don haka idan ya ƙone, wannan kabon yakan haɗu da iskar da muke shaƙa ya zama iskar kabon, wadda ke tsare zafin rana a sararin samaniya, ta hana shi fita. Alƙaluman kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kowane kilowat na awa ɗaya da aka samar da kwal yana fitar da kimanin giram 820 na iskar kabon, alhali na iskar gas bai wuce giram 490 ba, na hasken rana bai kai giram 50 ba, na ƙarfin iska kuwa giram 11 ne zuwa 12, kuma wannan lissafi ya haɗa har da hayaƙin da aka fitar wajen ƙera kayan aikin.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne iskar kabon ba ta watsewa da wuri, taruwa take yi. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar sararin samaniya, kashi 280 ne nata. Yau ta haura 420. A shekarar 2023 duniya ta fitar da kimanin tan biliyan 37 na wannan iska daga ƙona kwal da man fetur da gas, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na wannan adadi kason kwal ne shi kaɗai.

To, mene ne ake nufi da tsabtataccen kwal?

Ayyuka biyu ne mabambanta ake haɗawa a ƙarƙashin wannan suna, kuma rashin rarrabe su shi ke rikita mutane. Aiki na farko shi ne tace dattin da ke cutar da huhu da ƙasar noma, wato toka da baƙin hayaƙi da iskar farar wuta da zaiba. A watan Disamba na 1952 hazon hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan na tsawon kwana biyar, ya yi sanadin mutuwar dubban mutane, abin da ya kai Birtaniya ga kafa dokar tsabtace iska a 1956. Tun daga wancan lokaci an ci gaba sosai. A tashar zamani, kafin hayaƙi ya kai bakin bututu, ana bi da shi ta cikin na'urar da ke jan toka da ƙarfin lantarki, sannan a yi masa feshin ruwan farar ƙasa, wanda ke tsotse fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar farar wuta. Wannan nasara ce ta gaske, ta ceci rayuka masu yawa, kuma bai kamata a raina ta ba.

Sai dai hayaƙin da aka tace ta wannan hanya yana fita ne da iskar kabon ɗinsa cikakkiya, domin ita ba ta da launi ba ta da wari, kuma waɗancan na'urori ba sa taɓa ta. Rage ta shi ne aiki na biyu. Ana iya rage wani abu ta hanyar gina tukwanen tururi masu jure matsanancin zafi, waɗanda ke mayar da kusan kashi 45 cikin 100 na ƙarfin kwal zuwa lantarki, maimakon kashi 33 ko makamancin haka da tsofaffin tashoshi ke yi. Amma ko irin wannan tasha tana fitar da kabon fiye da tashar gas nesa ba kusa ba. Hanyar da ta rage ita ce a kama iskar kabon ɗin a binne ta.

Yaya ake kama iskar kabon, kuma an yi nasara?

A hanyar da aka fi amfani da ita, ana tura hayaƙi ya hau ta cikin wata doguwar hasumiya, yayin da wani ruwan sinadari ke gangarowa daga sama yana tsotse iskar kabon. Daga nan sai a dafa wannan ruwa da tururi har ya saki iskar, a matse ta da injina har ta kusa zama ruwa, a tura ta cikin bututu zuwa rijiyar da zurfinta kan kai kilomita ɗaya ko fiye, inda za ta shige cikin ƙofofin dutse mai shan ruwa, a ƙarƙashin wani dutsen da ba ya yoyo. Binnewar kanta tana yiwuwa, domin tun 1996 ake yin ta a filin gas na Sleipner da ke tekun Nowe.

Matsalar tana wajen tsada. Tururin dafa sinadarin da wutar matse iskar duk daga tashar ake ɗibarsu, har sukan cinye kusan kashi ɗaya bisa biyar na abin da take samarwa, wanda ke nufin sai an ƙara haƙo kwal an ƙona kafin a sayar da wutar da ake sayarwa a da. Tarihin gwaje-gwajen da aka yi ma ba mai ƙarfafa gwiwa ba ne. Tashar Boundary Dam ta ƙasar Kanada ta fara aiki a 2014 da burin kama tan miliyan ɗaya a shekara, amma ta shafe shekaru tana fama da lalacewar na'urori ba ta cimma wannan buri ba. Petra Nova ta jihar Texas a Amurka ta fara a 2017, tana sayar da iskar ga masu haƙar mai don su tura ta cikin tsofaffin rijiyoyi su ƙara fito da ɗanyen mai; da farashin mai ya faɗi a 2020 sai aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 2023. Tashar Kemper ta jihar Mississippi kuwa ta lashe kimanin dala biliyan 7.5, sannan a 2017 aka haƙura da shirin kwal ɗin baki ɗaya aka koma ƙona gas.

Idan aka haɗa dukkan wuraren kama kabon na duniya, na kwal da waɗanda ba na kwal ba, abin da suke iya kamawa a 2024 kimanin tan miliyan 50 ne a shekara. Babbar tashar kwal guda mai megawat 1,000 tana fitar da kusan tan miliyan 6 a shekara, kuma akwai tashoshin kwal fiye da 2,000 a duniya. A ganina, duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira zai yarda cewa a fannin lantarki kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma abin damuwa ne a riƙa gina sababbin tashoshi yau bisa alkawarin cewa wata rana za a ɗaura musu na'urar da har yanzu ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Idan an kama kabon a tasha, shi ke nan an gama?

A'a. Ramukan haƙar kwal suna sakin iskar metan, wadda ƙarfinta na tsare zafi ya ninka na kabon kusan sau 80 a cikin shekara 20 na farko. Ga kuma tsibin toka da ke iya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Shin makamashi mai sabuntuwa, irin na rana da iska da ruwa, zai iya ɗaukar nauyin da kwal ke ɗauka?

Shekara ashirin da suka wuce, amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce a'a, saboda tsada. Yanzu lissafin ya juye. Daga 2010 zuwa 2023 kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100, na injinan iska na kan tudu kuma da kusan kashi 70, har ta kai a yawancin sassan duniya gina sabuwar tashar rana ko ta iska ya fi gina ta kwal araha. A 2023 rana da iska da madatsun ruwa da makamantansu sun samar da kusan kashi 30 cikin 100 na lantarkin duniya. Ƙasar Denmak ma fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska ne.

To idan rana ta faɗi, iska kuma ta tsaya fa?

Wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma bai dace masu goyon bayan makamashi mai sabuntuwa su kauce mata ba. Giɓin 'yan awoyi, kamar daga faɗuwar rana zuwa tsakar dare, manyan batura sun fara cike shi, musamman da yake farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tun 2010. Akwai kuma tsohuwar dabarar tura ruwa zuwa tafkin da ke kan tudu lokacin da wuta ta yi yawa, a sako shi ya juya injin lokacin da ake buƙata. Dogayen layukan wuta da ke haɗa yankuna suna taimakawa, domin da wuya iska ta tsaya ko'ina a lokaci guda. Abin da bai warwaru ba tukuna shi ne giɓin makonni, kamar lokacin hunturu a ƙasashen arewacin duniya, kuma a nan ne madatsun ruwa da nukiliya da tashoshin gas na ko-ta-kwana ke da rawar takawa. Haka kuma haƙar ma'adanan batir tana da nata illoli ga ma'aikata da muhalli, waɗanda tilas a sa musu ido.

Akwai ƙasar da ta rabu da kwal?

Birtaniya, wadda a cikinta aka buɗe tashar lantarki ta kwal a Landan tun 1882, ta rufe ta ƙarshe a ranar 30 ga Satumba, 2024, alhali a 2012 kusan kashi 40 cikin 100 na wutarta daga kwal ne. Jamus ta sa wa kanta wa'adin 2038. Ƙasar Sin kuwa tana ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya, kuma ita ce dai ke kan gaba wajen girka farantan hasken rana da injinan iska. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta ɗora burin tsayar da ƙarin zafin duniya ƙasa da digiri 2 kan na kafin zamanin masana'antu, tare da ƙoƙarin kada ya wuce 1.5, sannan a taron Dubai na 2023 aka amince a ninka ƙarfin makamashi mai sabuntuwa sau uku kafin 2030.

Ba zalunci ba ne a hana ƙasashe masu tasowa abin da ya gina masu arziki?

Ƙorafin yana da tushe. Nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma kimanin mutum miliyan 600 a kudu da Sahara ba su da wutar lantarki. Ba wanda ke da bakin ce musu su zauna cikin duhu. Sai dai tashar kwal takan yi shekara 40 ko fiye tana aiki, don haka ƙasar da ta ci bashi ta gina ta yau tana ɗaure kanta ne ga wuta mai tsada har jikoki. Babban cikas ga tashar rana a ƙasa matalauciya shi ne kuɗin ruwan bashi, domin kusan duk kuɗinta a farko ake kashewa, kuma a nan ne ya wajaba ƙasashen da suka fi gurɓata sararin samaniya su sauke nauyin da ke kansu.

Ke nan fasahar kama kabon ba ta da wani amfani?

Tana da shi, amma a inda babu wata mafita. A masana'antar siminti, fiye da rabin iskar kabon daga jikin dutsen farar ƙasa take fita yayin da ake gasa shi, don haka ko da wutar rana aka hura murhun, iskar za ta fita. Shi ya sa aikin da aka buɗe a masana'antar siminti ta Brevik a Nowe a 2025, wanda aka tsara don kama tan 400,000 a shekara, ya fi dacewa da wannan fasaha. Haka ma ƙarafa: kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya da kwal ake narka shi, kuma ko da yake an gwada amfani da iskar haidirojin a Suwidin an kuma samu ƙarfe mai kyau, za a ɗauki shekaru kafin manyan masana'antun Sin da Indiya su sauya murahunsu.