Gwajin jinin giwa: yadda ake bambance giwar gida da wadda aka sato daga daji

*Mene ne ake nufi da giwar gida, kuma ina matsalar take?*

A Indiya da Tailan da Miyanma, mutane na riƙe da giwaye kamar yadda muke riƙe da raƙuma: wasu na jan gungumen itace, wasu na wuraren ibada, wasu na ɗaukar masu yawon buɗe ido. Kowace daga cikin ƙasashen nan uku na da dubbansu. Doka ta yarda da mallakar giwar da aka haifa a hannun mutum, amma ta hana kamo ta daji. Ta nan ɓarna ke shiga. Sai a kamo ɗan giwa a daji, a kai shi sansani, a ce wata giwar gida ce ta haife shi, a yi masa takarda. Binciken da TRAFFIC, ƙungiyar da ke sa ido kan cinikin namun daji, ta fitar a 2014 ya gano kusan giwaye 80 da aka kamo ba bisa ƙa'ida ba domin kasuwar Tailan tsakanin 2011 da 2013, yawancinsu daga Miyanma. Kuma kafin a raba ɗa da garkensa, sau da yawa sai an kashe uwar da manyan da suka tsaya kare shi.

*Takarda da ƴar na'urar da ake sa wa a jiki ba su isa ba?*

Ba su isa ba. Takarda ana iya saye, ana iya ba wata dabbar ta wadda ta mutu. Ƴar na'urar kuwa, wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ana cusa ta ƙarƙashin fata a bayan kunne, tana ɗauke da lamba. Idan giwar ta mutu, mai son zamba na iya ciro ta ya sa wa sabuwar kamu. Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ya san ana sauya shaidar wuta a jikin raƙumi. Abin da ba ya ciruwa shi ne ƙwayoyin gado, wato DNA, waɗanda masu Faransanci ke kira ADN.

*Yaya ake ɗaukar samfurin?*

Jini ya fi komai kyau. Likitan dabbobi na ɗibar mililita kaɗan daga jijiyar bayan kunne, inda fata ba ta da kauri, ya zuba a kwalba mai murfi shunayya da ke ɗauke da sinadarin EDTA mai hana jini daskarewa. A ajiye shi a sanyin digiri 4 idan tafiyar ta kwana kaɗan ce. Inda babu firji, ana ɗiga jinin a kan kati na musamman, a bar shi ya bushe a inuwa.

Giwar daji ba ta tsayawa a yi mata allura, don haka kashinta ake bi. Ana kankaro bayan curin ne, ba cikinsa ba, domin a nan ƙwayoyin bangon hanji ke mannewa, a jefa cikin barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95 ko fiye. Sabo ake so, wanda bai kwana ba. A zafi irin na bazarar Maraɗi, rana da ƙwari kan lalata shi cikin sa'o'i. Kowane samfuri da safar hannunsa da cokalinsa, a rubuta lamba da rana da wuri nan take, a haɗa da hoton kunnuwa da wutsiya da haure.

*A ɗakin gwaji me ake dubawa?*

Ana duba wasu wurare a jikin ƙwayar gado inda gajeren jeri ke maimaita kansa, yawanci wurare 10 zuwa 20. A kowane wuri dabba na da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saboda haka ɗan da giwa ta haifa dole ya yi tarayya da ita a kwafi ɗaya a kowane wuri. Saɓani a wuri guda na iya zama kuskuren inji ko sauyin halitta, sai a sake gwaji. Idan ya kai wurare biyu ko uku bayan an maimaita, ba ita ce uwar ba. Akwai kuma wani sashe na gado da ake ɗauka daga uwa kaɗai, wanda ke nuna zuriyar mata da yankin da ta fito.

A kula da lissafi ma: cikin giwa wata 22 ne, kuma takan yi shekara huɗu zuwa biyar tsakanin haihuwa da haihuwa. Takardar da ta ce uwa ɗaya ta haihu sau biyu cikin shekara biyu ta tona kanta tun kafin a je ɗakin gwaji.

*Ina ruwan bambancin gado tsakanin giwaye da wannan?*

Idan giwayen wuri duk dangin juna ne, sakamakonsu kan yi kama, har ƴar'uwar uwa ta iya wucewa a matsayin uwa. Sai an ƙara yawan wuraren da ake dubawa. Rajistar gadon giwaye kuma na nuna wa masu kiwo wane toro ne ya cika barbara, don a kauce wa haɗa ƴan uwa.

*Wa ya fara aiki da shi?*

Tailan ta wajabta rajistar gadon giwayen gida a 2016. A Indiya, cibiyar nazarin namun daji da ke Dehradun ce ke tattara bayanan, kuma dokar 2024 ta ce ba a sauya wa giwa mai ita sai an shigar da bayanin gadonta a rumbun gwamnati. Babban raunin tsarin shi ne: giwar da aka sato kafin ranar rajista ta shige a matsayin halaliya. Haka nan idan ba a rubuta sunan duk wanda samfuri ya bi ta hannunsa ba, lauya zai rushe shaidar a kotu.

*Mu a Maraɗi ba mu kiwon giwa. Me ya shafe mu?*

Dajin Babban Rafi da ke yankin Madarunfa ya taɓa sanin giwaye masu ƙetarowa daga Najeriya, ga na gandun W a yamma da na Yankari a Bauchi. Nijar da Najeriya duk suna cikin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji masu fuskantar ƙarewa, wadda ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989. Dabarar nan kuma na aiki a kan haure: a 2015 Samuel Wasser na jami'ar Washington da abokan aikinsa sun nuna cewa yawancin manyan kamun haure sun fito ne daga yankuna biyu, wato Tanzaniya da arewacin Mozambik, da kuma kurmin Gabon da Kongo da Kamaru. Idan ƴan duwan ko ma'aikatan gandun daji suka kama haure a hanyar Ɗan Isa, kada a wanke shi, kada a cakuɗa buhunan. A auna kowanne, a sa masa lamba, a yanko ɗan guntu daga gindinsa, wajen da ya haɗu da kai, domin nan ne ƙwayar gado ta fi yawa.