Tafiyar mota daga Kano zuwa Gandun Dajin Gashaka Gumti

Gashaka Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991 bayan da aka haɗe tsofaffin gandaye biyu wato Gashaka da Gumti. Ɓangaren kudu yana jihar Taraba, can ne duwatsun suke, na arewa kuma ya faɗa Adamawa, duk a bakin iyakar Kamaru. A nan ne ake samun Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, mita 2,419.

Wanda zai taso daga Kano a mota hanyar da aka saba bi ita ce ta Gombe, a wuce Kaltungo, a haye gadar Binuwai a Numan sannan a karkata kudu zuwa Jalingo, daga nan sai Bali sai Serti inda hedikwatar gandun take. A taswira kamar tafiyar yini ɗaya ce amma direbobin da suka san layin kwana biyu suke ba ta, su yada zango a Jalingo, don titin Numan zuwa Jalingo ya daɗe yana wahalar da mutane ga ramuka ga shingayen jami'an tsaro, kuma tafiyar dare a wannan yanki gaskiya ba abin yi ba ce. Sammako shi ne dabara.

Babban abin da ake fara dubawa tun kafin zancen mota shi ne lokaci. Daga Disamba zuwa Maris ne tafiyar ke daɗi, ruwa ya ja baya, ciyawa ta bushe ana iya hango dabbobi. Da damina kuwa koguna cika suke, kogin Kam da ke kan hanyar shiga ƙauyen Gashaka yakan hana mota wucewa, hanyoyin cikin daji su zama taɓo zalla, mutum ya kashe kuɗin mai tun daga Kano ya zo ya tsaya a bakin ruwa yana kallo.

Mota dai ta zama mai tsayi irin su Hilux, a kai ta wajen bakanike ya duba birki da tayoyi sosai musamman in za a hau tsaunin Mambila wajen Nguroje da Gembu, hanyar kwana-kwana ce da hawa mai tsanani. A riƙe safaya mai kyau, a cika tanki a Jalingo, a ɗau tsabar kuɗi don sabis ɗin waya yankewa yake in an nutsa ciki, taransifa ba ta da tabbas. Rigar sanyi ma dole ce, ɗan Kano yakan raina wannan sai dare ya yi masa a kan tudu.

Ba a shiga gandun kai tsaye, sai an biya ta ofis a Serti an karɓi izini an haɗa mutum da ma'aikacin da zai yi masa rakiya. Hawan Chappal Waddi a ƙafa ake yi kuma kwanaki yake ci, mai son ganin birai irin su cimfanzi shi ma sai ya yi haƙurin tafiyar ƙasa cikin kurmi. Hausa na yi wa mutum aiki a garuruwan hanya, amma a rugagen kan tudu Fillanci aka fi ji.