Waiwaye: Yadda Madison Square Garden ya hau kan tashar jirgin ƙasa

Duk wanda ya je kallon wasa a Madison Square Garden da ke birnin New York na Amurka, ba a dandalin Madison yake ba. Zauren ya bar wurin tun 1925, sunan ne kawai ya bi shi. Ginin da ake gani yau shi ne na huɗu, kuma a kan tashar jirgin ƙasa ta Penn yake zaune. Wannan zama shi ne arzikinsa, shi ne kuma tushen rigimarsa da hukumomin birnin.

Na farko tsohuwar ma'ajiyar jiragen ƙasa ce, wadda P. T. Barnum ya karɓa haya yana wasan dabbobi da 'yan dabo a ciki. A 1879 iyalan Vanderbilt, masu wurin, suka raɗa masa sunan da ake kiransa da shi har yau. Ba shi da rufi, ga sanyin hunturu ga zafin bazara, don haka aka rushe shi bayan shekara goma. Na biyu ya buɗe a 1890, zanen Stanford White, gini mai doguwar hasumiya da lambun shaƙatawa a samansa. A wannan lambu aka bindige shi White ɗin a 1906. Ginin ya yi suna amma bai kawo riba ba, kamfanin inshorar da ke bin sa bashi ya rushe shi a 1925 ya gina hedikwatarsa.

Na uku mai shirya dambe ne ya gina shi, Tex Rickard, a kan titi na takwas, cikin kwana 249. Da yake dambe ne a ransa, an tsara kujerun su fuskanci tsakiyar fili. Da aka kawo hoki na ƙanƙara sai matsala ta fito: mutanen saman bene ba sa ganin gefen filin da ke ƙarƙashinsu. Iska ma ba ta zagayawa, hayaƙin taba ya taru a sama kamar hazo. Duk da haka a nan ƙungiyar hoki ta Rangers ta fara wasa a 1926, Knicks ta ƙwallon kwando a 1946. A nan kuma ɗan damben Najeriya Dick Tiger ya doke José Torres ya karɓe kambun duniya a Disambar 1966.

Labarin na huɗu daga talaucin kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya faro. Motoci da jiragen sama sun janye fasinja, kamfanin ya kasa ɗaukar nauyin katafariyar tashar da ya buɗe a 1910 (kamfanin su Stanford White ne ya zana ta), sai ya sayar da haƙƙin gini a sararin da ke samanta. A Oktoban 1963 aka fara rusau, aka bar layukan dogo da wuraren hawa jirgi a ƙarƙashin ƙasa. Mutane sun yi kuka amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Abin da kukan ya haifar shi ne dokar kare gine-ginen tarihi ta birnin a 1965. Sabon zauren ya buɗe ranar 11 ga Fabrairu, 1968. Bayan shekara uku, ranar 8 ga Maris, 1971, Joe Frazier ya doke Muhammad Ali a cikinsa.

Ginin zagayayye ne, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Igiyoyin ƙarfe 48 ne ke riƙe da rufin, sun taso daga bango sun haɗu a wani zobe, kamar sifok ɗin keke. Ta haka aka magance matsalar kallo. Amma tunda tasha na ƙasa, filin wasan sai ya koma hawa na biyar. Manyan tireloli ba sa iya hawa, don haka a titi ake sauke kayan mawaƙa, fitilu da lasifikoki da allunan dandamali, ƙananan injinan ɗaukar kaya su riƙa jigilarsu ta wata hanya mai gangare. Giwayen wasa ma da ƙafa suke hawa a zamaninsu.

Aikin da ɗan kallo ba ya gani shi ne juya fili. Ƙanƙarar hoki, mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, ba a narkar da ita tsakanin wasa da wasa. Kaurinta bai wuce santimita biyu da rabi zuwa uku ba, tana kwance a kan daɓen kankare da aka binne bututu a cikinsa, ruwan sanyi na zagayawa dare da rana. Idan ƙwallon kwando za a yi, sai a cire gilasan da ke kewaye da filin, a rufe ƙanƙarar da alluna masu tare sanyi, sannan a jera katakon fili a kai, guntu-guntu, kowanne da lambarsa da inda yake shiga. A ƙara kujeru a bakin fili: hoki na ɗaukar mutum 18,006, ƙwallon kwando 19,812. Inda ake samun cikas shi ne laima. Idan iskar zaure ta yi ɗumi kuma ta jiƙe, sanyin da ke tasowa daga ƙasa sai ya sa katako ya yi gumi, 'yan wasa su yi ta zamewa. Shi ya sa a duk zauren da ke da ƙanƙara a ƙasa, na'urar busar da iska ba ta hutawa. Giɓi kaɗan tsakanin allunan rufi ya isa ya ɓata wasa.

An yi wa ginin babban gyara tsakanin 2011 da 2013 a kan kusan dala biliyan ɗaya, ana aiki a lokacin hutun kakar wasa don kada a rasa kuɗin tikiti. A cikin wannan sabon fasali Anthony Joshua ya sha kashi a hannun Andy Ruiz a 2019, Burna Boy kuma ya cika zauren a Afrilun 2022.

Sai dai a shekarar da aka gama gyaran, majalisar birnin ta ba shi lasisin shekara goma kacal, da nufin masu shi su nemi wani wuri. Dalilinta a fili yake: ginshiƙan da ke ɗauke da zauren sun ratsa cikin tashar, sun matse fasinjoji a ƙarƙashin ƙasa inda babu hasken rana, a tashar da ta fi kowace cunkoso a Amurka. Ga kuma ƙorafin cewa tun 1982 zauren ba ya biyan harajin gini. Masu shi ba su motsa ba, kuma da wuya a ga laifinsu ta fuskar kasuwa: ɗan kallo na sauka daga jirgi ya hau bene ya shiga wasa. A 2023 majalisar ta sabunta lasisin, wannan karon na shekara biyar, wanda zai ƙare a 2028.