Jirgin jet a Kogin Snake: tambayoyi da amsoshi kan yini guda a Hells Canyon

Wai menene ma jirgin jet ɗin, ba dai irin jet na sama ba?

A'a, jirgin ruwa ne, kawai dai ba shi da farfela a ƙarƙashinsa. Injin famfo ne mai ƙarfin gaske, yana zuƙar ruwa ta wata kafa a ƙasan jirgin ya feso shi ta bututu ta baya, wannan feshin shi ke tura jirgin gaba. Tunda babu abin da ya zaro ta ƙasa balle ya daki dutse, sai ka ga jirgi ɗauke da mutane yana wucewa a ruwan da ko gwiwa bai kai ba. Wani manomi ne ɗan New Zealand, Bill Hamilton, ya gyara fasahar a 1954, shi damuwarsa kawai ya hau kogunan yankinsu masu tsakuwa da ba su da zurfi, kuma a 1960 da irin jiragensa aka haura Kogin Colorado ta cikin Grand Canyon, shahararren kwazazzabon nan na Amurka, ana saɓa wa gudun ruwa.

Toh ina ne Hells Canyon, kuma me ya sa sai shi?

A Amurka yake, kan iyakar jihar Idaho da Oregon, Kogin Snake ne ya ratsa shi. Sunan ma ai ya isa, kwazazzabon jahannama. Daga ƙololuwar dutsen He Devil zuwa bakin ruwa mita 2,436 ne, wato ya fi Grand Canyon zurfi duk da ita ce ta yi suna. Amma fa kar ka sa rai za ka ga bango a miƙe sambal har sama, daga cikin jirgi abin da ido ke gani tuddai ne kan tuddai, busasshiyar ciyawa da baƙin dutse, wancan ya ɓoye na bayansa. Abin da ya sa jirgi ya zama dole shi ne galibin tsakiyar wurin babu titi, ko ka bi ruwa ko ka taka da ƙafa ko doki. Har wasiƙu ma jirgin ruwa ke kai wa masu zama a ciki.

Daga ina ake tashi, awa nawa ake yi?

Galibi daga Lewiston ko Clarkston, garuruwa biyu da kogi ya raba. Na cikakken yini da sassafe ake fita sai yamma liƙis, daga nan zuwa madatsar Hells Canyon ya ɗan haura mil 100 amma ba kowane jirgi ke kaiwa can ba, da yawa suna juyowa a hanya. Akwai na rabin yini. A ganina wannan kamar ka je ƙofar gida ne ka leƙa ka koma, don wurin da ya fi matsewa yana can ciki.

Da haɗari ne?

Nan ne ya kamata a tsaya. Jirgin jet ba shi da birki, kuma sitiyarinsa bututun nan ne da ke juya feshin ruwa dama ko hagu, ma'ana in matuƙi ya saki totur toh sitiyari ma ya tafi, jirgin sai yadda ruwa ya yi da shi. Shi ya sa idan aka doshi inda ruwa ke tafasa yana dukan duwatsu za ka ji ya ƙara wuta maimakon ya rage, kai kana riƙe da ƙarfen kujera kana cewa wannan mutumin lafiya kuwa, alhali daidai yake yi. Ribas kuma wani murfi ne ke saukowa kan bututun ya mayar da feshin gaba. Manyan wurare biyu da ruwa ya fi hauka, Wild Sheep da Granite Creek, suna mataki na 4 cikin 6 a ma'aunin da ake auna haukan ruwa, suna kusa da madatsar. Jikin jiragen alminiyam ne mai kauri, matuƙan kuma da lasisi suke aiki, amma in ya ce a zauna a zauna ɗin, ba lokacin miƙewa ɗaukar bidiyo ba ne. Mai ciwon baya ko mai juna biyu gara su tambaya tukuna, don jirgin yana dukan ruwa da gaske.

Banda gudu me ake gani?

Ragunan dutse masu murɗaɗɗen ƙaho suna saukowa shan ruwa, kalarsu ta saje da dutsen har sai matuƙi ya rage gudu ya nuna maka da hannu kafin ka gane ba dutse kake kallo ba. A Buffalo Eddy akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin duwatsu, ƙasar ƙabilar Nez Perce ce tun asali. A Dug Bar nan ne mutanen Chief Joseph, wani shugaban Nez Perce, suka tsallake kogin a 1877 lokacin yana cike, da yara da tsofaffi da dabbobi, bayan soja sun tilasta musu barin kwarin Wallowa. Ka kalli faɗin ruwan daga cikin jirgi mai inji, sai jikinka ya yi sanyi. Akwai kuma wurin da aka kashe 'yan China masu haƙar zinariya sama da 30 a 1887, ba a hukunta kowa ba.

Me zan riƙe?

Hula wadda iska ba za ta ɗauke ba, tabarau, man kare rana, ruwan sha da yawa, da 'yar rigar sanyi don safiya. Da rani ƙasan kwazazzabon zafi ne sosai, yana wuce digiri 38. In an tsaya a sauka ka dinga duba inda kake taka ƙafa, akwai macizai masu dafi.

Waya fa, akwai sabis?

Babu, da kun yi nisa da gari shi ke nan. Ka sanar da gida kafin ku tashi, ka sa wayar a leda mai zif, in dai kujerar gefe ka samu sai ka jiƙe.