Sauya Kamfani a Ƙarƙashin Masu Mallaka Ɗaya Ba Ya Goge Shekarun Aiki a Tsarin Fanshon Amurka

An daɗe ana zato a Amurka cewa idan ma'aikaci ya bar wani kamfani ya koma wani da ke ƙarƙashin masu mallaka ɗaya, sai ya fara lissafin lokacin aikinsa daga farko kafin a shigar da shi tsarin fansho irin na 401(k), wato asusun ajiyar kuɗin ritaya da kamfani ke buɗe wa ma'aikatansa. Wannan kuskure ne.

Tun bayan dokar ERISA ta 1974, wadda ke kare fanshon ma'aikata, idan kamfani ya mallaki aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wani kamfani, hukumar haraji ta IRS tana ɗaukar su biyun tamkar kamfani ɗaya a harkar fansho. A bisa ƙa'ida, iyakar abin da tsarin zai nema shi ne ma'aikaci ya cika shekara 21 da haihuwa, ya kuma yi aikin sa'o'i 1,000 cikin wata goma sha biyu, kuma sa'o'in da ya yi a kamfanin farko suna cikin lissafi.

Sai dai ba dole ba ne tsarin ya ɗauki ma'aikatan kowane ɗaya daga cikin kamfanonin, muddin bai fifita masu manyan albashi fiye da yadda doka ta yarda ba.