Me ya sa VM ke jan ƙafa alhali sabar ba ta cika ba?

Na duba cikin VM ɗin, furosesa bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, amma komai a hankali yake tafiya. Ina matsalar?

Daga inda kake kallo ne matsalar ta fara. Idan aka raba sabar guda zuwa VM goma ko ashirin, wato kwamfutocin kwaikwayo da ke aiki a cikinta, ko da VMware ESXi, ko Hyper-V na Microsoft, ko KVM da ya shiga Linux a 2007, kowane VM baƙo ne, injin ƙarfen kuma mai masauki. Baƙo bai san abin da sauran baƙi ke ci ba. Yana iya kasancewa a shirye ya yi aiki, amma furosesan gaske yana hannun wani, dole ya jira.

A ESXi, buɗe esxtop, manhajar da ke nuna aikin sabar, danna c, ka duba %RDY, wato kason lokacin da VM ya yi yana jiran furosesa, sannan ka raba adadin da yawan vCPU ɗin VM ɗin, wato furosesocin kwaikwayo da aka ba shi. Masu harkar sukan fara sa ido idan ya wuce 5, idan ya kai 10 kuwa an shiga matsala. A baƙon Linux da ke kan KVM, buga top ka duba st, wato lokacin da aka ƙwace masa.

To sai in ƙara masa vCPU?

Nan ne mutane da yawa ke ƙara wa kansu ciwo. Mai manhaja zai ce a ba shi vCPU 8 don kada a samu cikas, alhali aikinsa biyu sun ishe shi. Sai dai ESXi yana ƙoƙarin ganin vCPU ɗin VM guda ba su yi wa juna nisa ba, don haka idan ɗaya ya wuce gaba, a tsayar da shi har sauran su iso. Wannan tsaiko shi ne %CSTP a esxtop. VM mai faɗi a kan sabar da ta cunkushe ya fi ƙarami shan jira, shi ya sa sau da yawa rage vCPU daga 8 zuwa 4 ke sa shi sauri. Shawo kan mai manhajar ya fi aikin kansa wuya.

Akwai kuma batun NUMA, wato yadda aka raba RAM tsakanin furosesocin sabar. Sabar mai furosesa biyu, kowane furosesa da nasa RAM ɗin na kusa. Idan VM ya fi ƙarfin ɓangare ɗaya, sai ya riƙa miƙa hannu ɗaya ɓangaren, wanda ya fi jinkiri. In zai yiwu, a bar shi ya zauna cikin ɓangare guda.

RAM fa? An ce ana iya raba wa VM fiye da abin da sabar ke da shi.

Ana iya yi, muddin ba a lokaci ɗaya duk suka nemi nasu ba. Idan RAM ya fara ƙarewa, mai masauki kan hura direban balan-balan, wata ƙaramar manhaja da ke cikin baƙo wadda ke karɓe RAM ta mayar wa mai masauki, ya tilasta masa sakin abin da ba ya amfani da shi sosai. Wannan da sauƙi. Inda abin ke ɓaci shi ne idan mai masauki ya fara kwashe RAM ɗin baƙo yana zubawa a diski, domin bai san shafin RAM ɗin da ake buƙata da wanda ba a buƙata ba. A sabar da ke ɗauke da rumbun bayanai, ni ban yarda da wannan cacar ba. A ware masa RAM ɗinsa cikakke.

Furosesa da RAM lafiya lau, amma har yanzu VM ɗin na jan ƙafa.

Koma kan diski. A Linux, iostat -x zai nuna maka await, wato tsawon lokacin da ake jiran diski ya amsa. Jiran da ya daɗe sama da milisekan 20 abin bincike ne. Kafin ka ɗora laifi kan ma'ajiyar, nemi tsohon sinafshot, wato hoton yanayin diskin VM, da aka ɗauka kafin sabunta manhaja aka manta da shi. Duk sabon rubutu yana tafiya wani fayil daban da ke ta girma har ya cika ma'ajiyar, VM ya tsaya cak. VMware da kanta ta ba da shawarar kada sinafshot ya wuce awa 72. Kuma ba ya maye gurbin ajiye kwafi a wani wuri, tunda idan asalin diskin ya lalace, da shi za su tafi.

Direbobi suna da tasiri?

Sosai. Katin sadarwa na kwaikwayo irin e1000 yana sa mai masauki aikin banza. A ESXi sa VMXNET3, a KVM ko Proxmox sa virtio, na sadarwa da na diski duka. Windows ba ya zuwa da direban virtio, sai an ɗora masa.

Akwai abin da aka fi mantawa da shi?

Tsarin wuta a BIOS, wato saitunan injin sabar kansa. Sabobi da dama suna zuwa a yanayin tattalin wuta, furosesa ya riƙa rage gudu yana komawa barci tsakanin ayyuka. Idan aikin ba ya son jinkiri, a mayar da shi yanayin cikakken ƙarfi. Kuma kada ka sauya wannan da vCPU da direba a rana ɗaya. Rubuta adadin da ka gani kafin gyara, ka sauya abu guda, ka sake aunawa a lokacin da aiki ya fi yawa.